Kwayil ɗin Camry da kuɗin hannun bakanike a Houston

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da iyali da yaran gareji. Ka tambaye ni ko gaskiya ne a Amurka tsohuwar mota in ta lalace yar da ita ake yi. Ba haka kai tsaye ba ne, amma maganar tana da tushe, kuma labarin kwayil ɗin motata, abin nan da ke ba filogi wuta, zai nuna maka inda ta samo asali.

Camry ce 'yar 2007, wadda ake kira Muscle a gida, mai silinda huɗu. Ta fara rawa in na tsaya a danja, in na taka totur sai ta riƙa shaƙewa, wutar cek kuma tana ƙiftawa. Ka fi ni sanin ma'anar ƙiftawar: fetur ɗin da bai ƙone ba ne ke gangarawa salansa yana ƙona abin tace hayaƙin nan da kuke kira indomi. A gida wani sai ya ce a fasa a cire, a huta. A nan ba hali. A gundumar Harris, inda Houston take, sai mota ta ci gwajin hayaƙi duk shekara kafin a sabunta mata takardu, kuma muddin wutar cek tana kunne, ta faɗi.

Garejin da na fara zuwa, ko bonet ba su buɗe ba suka ce akwai kuɗin dubawa. Aikin hannu a nan da awa ake lissafa shi, kuma awa ɗaya ta haura dala 100 a yawancin garejin. Suka ba ni shawarar a canza kwayil huɗun da filogi gaba ɗaya. Ban ce cuta ba ce, tsoron kada mota ta dawo musu ne, amma jimillar ta isa mai tsohuwar mota ya fara tunanin rabuwa da ita. To ka ji asalin maganar yarwar.

Abin da ya burge ni shagunan kayan gyara ne. A AutoZone wani yaro ya fito da 'yar na'ura, ya soka ta a ƙarƙashin sitiyari, kyauta. Tun daga 1996 duk motar da aka sayar a ƙasar nan tana da wannan soket. Ta nuna P0302, wato silinda ta biyu ce ba ta kama wuta. Na'urar dai ba ta ce kwayil ba ne, tana iya zama filogi ko nozul, don haka na yi dabarar da na gani a wurinku: na musanya kwayil na biyu da na uku, muka sake karantawa, lambar ta koma P0303. Ciwon ya bi shi.

Cirewar kuwa ba ta kai a kira ta aiki ba. Kowane filogi da nasa kwayil a kansa, ba dilko, ba dogayen wayoyi. Noti ɗaya ne mai lamba 10, ka danna harshen soket ka zare, ka ja shi sama. Robar bakinsa na same ta ta tsage, da wani siririn layi fari-fari inda wuta ke tsallakewa. Sai dai a lallaɓa harshen soket ɗin, zafin shekaru ya busar da shi, da ka matsa sai ya karye. Na gode Allah ba V6 mai silinda shida ba ce, don kwayil ukun baya suna ƙarƙashin manifol.

Wajen saye ne na tuna Ƙofar Ruwa. A can za ka juya kwali, ka auna nauyi a hannu, mai shago ya rantse, duk da haka da yawa sun fi yarda da ɗan Beljiyam a kan sabo. A nan shekarar mota da irin injinta kawai za ka faɗa, kwamfuta ta fitar da lambar kayan, a ba ka rasit da garanti. Na ɗauki Denso, tunda su ne ke yi wa Toyota. Jabu ma akwai, amma a intanet ya fi yawa: za ka ga huɗu a kuɗin ɗaya, ni dai ban kula su ba. Akwai kuma filayen matattun motoci, ka biya ɗan kuɗin shiga, ka je da sifanarka ka kwance abin da kake so da kanka.

Amma fa Yaya, irinku ne babu. Mai wayarin da zai kasa kunne ya ji injin, ya ce maka ga inda matsalar take, ka zauna a benci kuna hira har ya gama, in kuɗi bai cika ba ka kawo ƙarshen wata, wannan ban gan shi ba tukuna. A nan ranar zuwa ake ba ka, ba a barin ka shiga wurin aiki, kuma ba ka ɗaukar makulli sai ka biya.

Irin 'yar na'urar nan ba ta da tsada, zan ba wani mai tahowa ya kawo maka ɗaya. Ka turo mini shekarun motocin da suka fi zuwa maka, in duba kuɗin kwayil ɗinsu, mu ga ko zai fitar da kuɗin dako da na kwastan. A gaida Hajiya.