Sarƙa Ta Huɗu

Tun da na fara jan tirela a Amurka, 'yan'uwa ke tambayata nawa ake samu. Maganar kuɗi sai wata rana. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata safiya ta watan Janairu, a wurin awon manyan motoci a jihar Ohayo, inda aka tsare ni saboda sarƙa guda ɗaya.

Motar da nake ja mai buɗaɗɗen baya ce, ba bodi ba rufi, shimfiɗa ce kawai mai tsawon ƙafa 48, irin wadda muke ɗora wa siminti da rodi. Kamfanin babba ne, shi ya biya mini kuɗin makarantar CDL, wato lasisin tuƙin manyan motoci, bisa sharaɗin zan yi masa aiki shekara guda, in na tafi kafin nan in biya. Shekara tara da na yi ina tuƙi tsakanin Kano da Legas, ba wanda ya tambaye ni labarinta. Likita ya duba idona da hawan jini, aka gwada fitsarina ko ina shan ƙwaya, aka kwashe kwanaki ana koya mana ɗaurin kaya, sannan aka haɗa ni da wani tsohon direba muka yi makonni muna kwana a mota ɗaya.

Sati na biyu da aka sakar mini mota ni kaɗai, aka tura ni wani gari mai suna Gary a jihar Indiyana, wurin masana'antun ƙarfe. Naɗin ƙarfe ɗaya tal aka ɗora mini, ya yi kama da ƙaton gammo, nauyinsa fam 44,000, wato kusan tan 20. Ka sani a nan babu yaron mota. Kai ne direba, kai ne mai ɗauri, kai ne mai ja tamfol. Sanyin ranar ya kai in ka taɓa sarƙa sai ka ji kamar wuta ka taɓa. Na zura sarƙa uku ta cikin ramin naɗin, na ɗaure tamau, yatsuna sun daina jin komai. Ta huɗu na cikin akwati. Na dubi kayan na ce a raina, wannan ba inda za shi.

Da na hau sikeli a Ohayo, sai fitila ta nuna in faka a gefe. Jami'ar da ta zo ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi lasisi da takardar kaya, ta duba na'urar da ke ƙirga awannin tuƙina, ta leƙa birki da tayoyi, sannan ta ce in yaye tamfol. Ta ƙirga sarƙoƙi, ta yi lissafi a gabana. Dokar tarayya ta ce ƙarfin abin ɗauri gaba ɗaya ya kai rabin nauyin kaya. Kowace sarƙata an yi mata shaidar fam 6,600. Uku sun ba da 19,800, alhali 22,000 ake bukata. Ta ce motar nan ba za ta motsa ba sai na cika.

Wallahi hannuna har ya nufi aljihu, don abin da jiki ya saba ke nan daga Zariya har Jebba. Allah ya taimake ni na tuna cewa a nan na goro kurkuku yake kai mutum. Ba "ranka ya daɗe a yi haƙuri", ba kiran oga a waya. Na hau bayan mota, direbobi na wucewa suna kallona, na ɗaura ta huɗu. Ita kuma ta tsaya cikin sanyin har na gama. Kafin ta miƙo mini takarda ta tambaye ni ko na san sunan da direbobi ke kiran irin wannan ajiya, wadda ramin naɗin ke kallon gefen titi. Na sani, an faɗa mana a makaranta: lodin kashe kai. In ka taka birki da ƙarfi sarƙa ta tsinke, naɗin gaba zai gangaro, ya bi ta kan kujerar da kake zaune.

Laifin ya shiga tarihin tuƙina, duk kamfanin da na nemi aiki zai iya gani. Kunya ta hana ni cin abinci ranar. Amma da dare abin da ya hana ni barci ba takardar ba ce, tunanin gida ne. Buhu nawa na siminti na sha ɗauka, ga mutane zaune a kai, igiya biyu kawai, mu ce Allah ya kiyaye hanya? Motar shanu ta tashi daga Arewa da samari fal a kan katako, kowane shinge a miƙa ɗari biyar a wuce. Kwantenar da ta faɗa wa motar fasinja a Ojuelegba ta Legas a Janairun 2023 ta kashe mutane, mun yi salati mun ci gaba. Mu ne muka fi kowa faɗin a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, mu ne kuma ba ma ɗaurewa. A nan Amurka mota da kayanta kada su wuce fam 80,000, kusan tan 36. Ka tsaya ka duba ɗauri kafin ka cika mil 50, sannan duk bayan mil 150 ko awa uku. Tuƙi awa 11 ne a cikin 14, sai hutun awa 10 dole, na'ura ce ke riƙe da lissafin tun 2017. Wa zai sha ƙwaya don ya kwana biyu a kan sitiyari?

Kada ku ɗauka aljanna ce. Da mil ake biyana, saboda haka awa biyar da zan yi a ƙofar masana'anta ina jiran lodi kusan a banza take tafiya. An ƙayyade wa motar gudu, an kuma sa kyamara a gaba, ka taka birki da ƙarfi sai waya ta shigo daga ofis. Tamfol ɗin rufe katako ya kai nauyin buhun siminti, in ya daskare ya zama kamar ƙirgi, kai kaɗai za ka hau saman kaya da shi iska na neman jefo ka. Bayan magariba samun wurin kwana a tasha yaƙi ne.

Tashoshin kuwa, irin su Pilot da Love's, ba abin kushewa: ka sha mai, a ba ka banɗaki da ruwan zafi da tawul mai tsabta. Sai dai abincin rabi da naman alade, ga shi ba mai ce maka sannu da hanya. Ina tuna Tafa da Mararrabar Jos, mai shayi ya san yawan sukarinka, taya ta fashe mutum biyar su taso. A nan lamba za ka kira, ka zauna jiran makanike kai da Allahnka. Sallar asuba tsakanin tirela biyu nake yinta, injuna na ruri.

Jiya an sake ɗora mini naɗin ƙarfe, fam 41,000. Huɗu sun isa a doka. Biyar na ɗaura, na ɗauki hoto na tura wa ƙanena da ke jan DAF zuwa Fatakwal, na ce ya nuna wa maigidansa.