Jameos del Agua a Lanzarote: wajen nan ya cancanci kuɗin tikitinsa

Jama'a in Allah ya kai ku tsibirin Lanzarote na ƙasar Sifen, don Allah kar ku dawo ba ku leƙa Jameos del Agua ba. Ni dai wallahi na daɗe ban ga waje irinsa ba.

Asali kogo ne da narkakken dutse ya bari lokacin da dutsen La Corona ya yi aman wuta, rufinsa ya rufta a wasu wurare, sai César Manrique, wani mai zane ɗan tsibirin, ya ƙi rushe komai, ya bi kogon yadda yake ya saka gidan abinci, lambu, da zauren wasa na mutum sama da 500 duk a ciki, an fara buɗe shi tun 1966.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ɗan tafkin da ke tsakiyar kogon. Ka durƙusa ka duba sai ka ga ƙananan kaguwa farare tas, makafi, ko farcen yatsa ba su kai ba, sun bazu kan baƙin dutse. An hana jefa tsabar kuɗi a ruwan saboda su, kuma gaskiya hanin ya yi daidai.

Zauren kuwa ko magana ka yi a hankali sai ka ji bangon ya riƙe ta.

Matakalan dutse ne kuma suna da yawa, in za ka je da tsohuwa ku sa takalmi mai kama ƙasa, ku tafi da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso.