Bayan Sabunta Windows Maɓallan Kibod Sun Rikice: Wace Hanya Ta Fi Dacewa?

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, mutane da yawa sun koma Windows 11, wasu da kansu, wasu kuma mai gyara ne ya goge musu komai ya ɗora sabo. Ƙorafin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne: ka danna @ sai " ya fito, ko Caps Lock da ka daɗe da mayarwa Ctrl ya koma halinsa na da, ko kuma ƙ da ɗ sun ɓace.

Kafin ka sauke wata manhaja, duba tsarin kibod ɗin tukuna. Yawancin kwamfutocin hannu da ake sayarwa a kasuwanninmu daga Ingila ko Amurka suke zuwa, na Nijar kuma sau da yawa tsarin Faransa ne, wanda A ke zaune a gurbin Q. A tsarin Ingila @ yana kusa da Enter, a na Amurka kuwa yana kan lamba 2. In mai gyara ya zaɓi tsarin Amurka a kan kwamfutar Ingila, rikicin ke nan. Maganinsa yana cikin saitin harshe da yanki, ba ya cin minti biyu, kuma ba ya buƙatar komai daga waje.

Idan da gaske sauya aikin maɓalli kake so, tambayar da za ta raba maka gardama ita ce: ina ake ajiye sauyin?

Manhajar SharpKeys tana rubuta shi kai tsaye a rijistar Windows, wato inda Windows ke ajiye saitunanta. Ka zaɓi maɓalli, ka ce ya zama wane, ka sake kunna kwamfuta, shi ke nan. Ko ka goge manhajar sauyin yana nan, har a shafin da ake shigar da kalmar sirri. Ga wanda Enter ɗinsa ya mutu yake son Shift na dama ya karɓi aikin, babu kamarta. Sai dai maɓalli ɗaya take musanyawa da ɗaya, ba ta san haɗin Ctrl da wani harafi ba, ba ta taɓa Fn, kuma sauyin ya shafi duk mai amfani da kwamfutar. Wanda aka goge wa Windows dole ya sake daga farko.

PowerToys ta Microsoft ce, kyauta, kuma ita nake ba yawancin mutane shawara. Sashenta na kibod yana sauya maɓalli guda, yana sauya haɗi, har ka iya cewa wannan haɗin a Word kaɗai zai yi aiki. Sababbin kwamfutoci tun 2024 suna zuwa da maɓallin Copilot, na kiran mataimakin AI na Microsoft, wasu a gurbin Ctrl na dama, kuma da PowerToys mutane ke ƙwato gurbin, domin abin da maɓallin yake aikawa haɗi ne na maɓallan Windows da Shift da F23. Lahaninta shi ne sai tana aiki a bayan fage. In ta rufe, komai ya koma yadda yake. A tsohuwar kwamfuta mai ƙwaƙwalwa giga 4 gara ka kashe sauran sassanta da ba ka buƙata.

AutoHotkey ta fi su duka ƙarfi, amma rubuta umarni ake yi da hannu. Abin lura: salon rubutun siga ta 2 ya bambanta da na ta 1, don haka tsohon fayil ɗinka yana iya ƙin tashi in sabuwar kaɗai ka sauke. In ba ka da sha'awar irin wannan aiki, wuce ta.

Masu rubutun Hausa kuwa, matsalarsu ba ta sauya maɓalli ba ce, ta haruffa masu lanƙwasa ce. Windows na da tsarin kibod na Hausa a cikinta, ƙara shi kawai ake yi. Akwai kuma Keyman ta ƙungiyar SIL, kyauta, tana aiki a Windows da Mac da Linux da waya, wanda ke nufin hannunka ba zai sake koyon sabon wuri ba duk lokacin da ka canza na'ura. Ɗan jarida ko ɗalibin da ke buga ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kullum ya fara gwada na Windows, in bai kwanta masa ba ya koma Keyman.

A Mac, Karabiner-Elements ce manhajar sauya maɓalli da aka fi sani, kuma idan ta tsaya bayan sabuntawa yawanci izini take jira a saitin tsaro. A Linux, tsohuwar manhajar xmodmap ba ta aiki yadda aka saba a ƙarƙashin Wayland, sabon tsarin nuna abubuwa a allo, sai a nemi manhajar keyd.

Saura zaɓin da ke cin kuɗi: kibod na waje mai QMK da VIA, wato manhajojin da ake saita maɓallan kibod ɗin kansa da su, irin wasu na kamfanin Keychron. Sauyin yana zaune cikin kibod ɗin kansa, saboda haka ko an goge Windows sau goma bai dame shi ba. Ya dace da mai yawo tsakanin kwamfutar ofis, inda ba a barinsa ya ɗora manhaja, da ta gida. Amma ba zai ba ka ƙ da ɗ shi kaɗai ba, sai da taimakon tsarin kwamfutar, kuma kuɗinsa ya ninka na kibod ɗin kasuwa sau da yawa. Idan maɓalli ɗaya ne ya mutu, riƙe kuɗinka ka sauke SharpKeys.