Sifirin mota ko tsohon magagari: wanne ya fi yin wuƙa?

Malam, ɗauki sifirin, ka ƙyale magagarin ya ci gaba da aikinsa.

Wuƙar da nake fiɗa da ita duk Babbar Sallah daga guntun sifirin bayan wata tsohuwar Hilux wani maƙeri a Marwa ya fitar min da ita. Da gawayin ƙirya ya zuga wutar. Bayan ya gama dukan ƙarfen ya fito da baki, sai ya mayar da shi wuta yana ta kara masa mayen ƙarfe. Da ya ga ya daina kamawa, ya ɗan ƙara zugi, sannan ya tsoma shi cikin man gyaɗa mai ɗumi. Ban da ruwa fa! Ruwa na iya tsaga irin wannan ƙarfen nan take, har ka ji ƙas. Daga nan ya goge shi ya yi fari, ya ɗora bayan wuƙar a kan garwashi har bakin ya koma launin busasshiyar ciyawa, wato zafi wajen digiri 200. Da ya bari ya yi shuɗi, da ta yi taushi.

Ta sha karo da ƙashin rago, ko gezau. In ta dakushe, goga kaɗan a dutse ta dawo. Dalili kuwa, yawancin sifirin mota kabon ɗinsa, wato sinadarin da ke sa ƙarfe tauri, wajen kashi 0.6 cikin 100 ne, dama don ya lanƙwashe ya miƙe aka yi shi. Aibinsa kauri: wanda ba shi da zuga-zugi da uwar maƙera zai sha wuya kafin ya sirantar da shi. Yana kuma tsatsa, sai ana shafa mai.

Magagari yana da kaifi, ban musa ba, kabon ɗinsa ya kai kashi 1. Masu yanka kilishi na iya sonsa. Wuƙata ta magagari dai faɗuwa ɗaya ta yi a kan siminti, tsininta ya ɓalle. Wasu magagaran masu arha ma fatarsu kaɗai ke da tauri, cikin banza ne.

Sai ka yi hattara da 'yan gwangwan, ko a Garwa ko a Kusuri. Akwai mai miƙo maka falankin ƙarfen ƙofa ya shafe shi da baƙin mai, ya rantse sifirin ne. Ka sa a kara shi a injin wasa kafin ka ba da ko dala: na gaske tartsatsinsa mai yawa ne, yana fashewa yana rassa, na bogi kuwa dogaye ne kawai. Kar ka karɓi wanda aka yi wa walda, ko ɓangaren da ke kusa da ramin ƙusar tsakiya, can tsagar da ido ba ya gani ta fi ɓuya.

Ka nemi na ƙaramar mota, irin na Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya, ba na tirela ba. Guntu mai tsawon santimita 30 ya ishe ka har da wajen ƙota.