Wata shida muna zaryar lesin a Samaru

Ɗana Abba yana aji huɗu na firamare, amma ko sunan unguwarmu aka rubuta sai ya tsaya yana zare ido. A makaranta an riga an yanke masa hukunci, wai daƙiƙi ne. Ni dai ban yarda ba. Yaron da ya haddace izu biyar da ka a Islamiyya, a ce kansa ba ya ja? Mun kai shi asibitin Shika, nan Zariya, an duba ido da kunne, lafiya lau.

Maƙwabciyata ce ta yi mini kwatancen wata malama a Samaru mai koyar da irin waɗannan yara a ɗakin zauren gidanta. Ranar farko ta zauna da shi kusan awa guda, sannan ta ce, "Maman Abba, a jingine bulala. Alamun disleksiya ne. Haɗa harafi da sautinsa ne ke ba shi wuya, kuma abin yakan bi jini." Nan take na tuna ƙanina, wanda ya sha duka har ya gudu daga boko.

Yara uku kawai take ɗauka a zama ɗaya. Faranti ne cike da rairayi, yaro ya zana harafi da yatsa yana furta sautinsa. Ta ce dabarar Orton-Gillingham ce, daga Amurka. Abin da ya fi burge ni, da Hausa ta fara masa, tunda yadda ake faɗa haka ake rubutawa, sabanin Turanci. Amma b, d, ɓ da ɗ sun cinye mana sati biyar cur. Wanda bai ga yaro yana gumi a kan lanƙwasar ɗ ba, ba zai gane ba.

Sai dai akwai ƙorafi. Kuɗin wata ya kusa na zangon makaranta, ga kuɗin mota daga Tudun Wada, a bi PZ a wuce Kwangila, sau uku a sati. Ita kaɗai ce, ranar da ba ta da lafiya babu karatu. Na kuma roƙe ta sau biyu ta rubuta wa malamin ajinsu takarda don a ƙara masa lokaci a jarrabawa, har yau ina jira.

Duk da haka ba za mu daina ba. Shekaranjiya muna cikin keke napep ya karanta "Ƙofar Doka" a jikin wani allo, da ƙyar, harafi-harafi. Ban ko tambaye shi ba.