Ciwon baya mai sauka ƙafa: jijiyar L5 ce ko S1?

Daga laka jijiyoyi 31 ke fita ta kowane ɓari, amma idan faifan guringuntsin ƙugu ya bulluƙo, biyu ne suka fi matsuwa: L5 (jijiyar da ke fita a ƙarƙashin ƙashin ƙugu na biyar) da S1 (wadda ke biye da ita ta ƙasa). Faifan da ke tsakanin ƙashin ƙugu na huɗu da na biyar yakan danne L5, na ƙasansa kuma S1.

L5 ce ke ɗaga babban yatsa da gaban ƙafa, tana kuma riƙe tsokar gefen ƙugu. Zafinta yana bin gefen ƙwauri zuwa saman ƙafa. In ta matsu, mutum ba ya iya tafiya a kan dunduniya. In ta yi tsanani, ƙafar na ja a ƙasa, silifa na suɓucewa.

S1 kuwa tana ɗauke da sha-raɓa da babbar tsokar ɗuwawu. Zafi yana bin bayan cinya har ƙaramin yatsa da tafin ƙafa. Ɗage ke gagara. Sha-raɓa tana da ƙarfi sosai, tura ta da hannu ba ya nuna rauni, gara a sa mutum ɗage da ƙafa ɗaya sau 10. A ƙwanƙwasa agara: a S1 zaburar takan ragu ko ta ɓace, a L5 tana nan.

Inda ake yawan kuskure shi ne faɗuwar ƙafa, wato jan ƙafa a ƙasa. Jijiyar da ke zagaya gefen gwiwa, in ta matsu, haka take yi. Sai dai can juya tafin ƙafa ciki bai raunana ba, a L5 kuwa ya raunana.

Idan fitsari ya ƙi fita ko matsematsi ya daina ji, a tafi asibiti nan take.