Google Photos ko faifan ajiya na waje?

Google Photos da kansa yake kwafar hotunan wayarka ya adana su a intanet, ko an sace wayar suna nan. Amma kyautar gigabait 15 ce kacal, Gmail da Drive (ma'ajiyar fayiloli ta Google) ma a ciki suke ci, ajiya mara iyaka kuwa ta ƙare tun 1 ga Yunin 2021. Ga cin data. Asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba ana iya goge shi.

Faifan waje, wato na'urar ajiya da ake jonawa da kwamfuta, sau ɗaya za ka biya, terabait guda ya haɗiye hotunan biki da suna na shekaru. Sai dai faɗuwa ɗaya daga tebur na iya kashe shi. Ni dai hotunan iyayena suna cikin duka biyun, faifan kuma yana gidan yayata.